Ku Tambaya Mu Amsa: Fim ɗin "La Boum" ya dace da 'yata?

Tambaya: 'Yata 'yar shekara 13 ce, tana sakandare a Maradi. Malaminsu na Faransanci ya ce su kalli "La Boum" don kunnensu ya saba da harshen. In bar ta? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, fim ne na 1980, Claude Pinoteau ya ba da umarni. Sophie Marceau ce ta fito a matsayin Vic, sa'ar 'yarki, wadda ta shiga sabuwar makaranta a Paris, ta yi ƙawa, ta kamu da son wani yaro. A gida kuma auren iyayenta na tangal-tangal saboda uban yana neman mata. Za ki ga casun matasa, rawar rungume juna da sumbata.

Kada alamar shekaru ta ruɗe ki. A Faransa ministan al'adu ke ba da izinin nuna fim: na kowa, ko haramci ga 'yan ƙasa da 12, 16 ko 18. Ma'auninsu ya fi namu sassauci, sumbata ba ta sa su ɗaga gira.

Ki fara kallonsa ke kaɗai, kusan awa biyu ne, ki rubuta mintunan da ba ki yarda da su ba. Sannan ku kalla tare, minti 15 a zama, da rubutun maganganun 'yan wasa a ƙasan allo cikin Faransanci. In aka sa fassarar wani harshe, ido ne zai yi aiki, kunne ya kwanta. Wasu kalmomin matasan kuma sun tsufa, kada ta kai su jarrabawa.