Shiga Netflix da YouTube a talabijin ba tare da wahalar rimot ba

Ka ce rubuta imel da kalmar sirri da rimot ya ishe ka, kuma wani lokacin duk da haka ya ƙi shiga.

Bar rimot ɗin, yi da waya. A YouTube zaɓi shiga ta waya, talabijin zai nuna maka lamba. Buɗe yt.be/activate a wayar da ke ɗauke da asusunka na Google, ka sa lambar. Na Prime Video kuma primevideo.com/mytv ne. Netflix yana nuna alamar QR, sai ka haska ta da kyamarar waya. Lambobin nan ba sa daɗewa. In ta mutu, nemi sabuwa.

Idan komai daidai ne amma ya ƙi, fara duba kwanan wata da agogon talabijin. Mutane kan manta da wannan. Bayan an ɗauke wuta, wasu talabijin kan koma tsohon kwanan wata, sai su ɗauki shaidar tsaron shafin a matsayin marar inganci su yanke haɗin. Mayar da saitin lokaci kan atomatik, cire fulogi na minti ɗaya, sannan ka kunna.

In asusun Netflix na wani gida ne, tun 2023 Netflix na iya neman lambar da za a aika wa mai asusun.