Tambaya da Amsa: Shin Kukan Kwayil Yana Lalata Katin Girafik?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na sayi katin girafik na hannu na sa a kwamfutata ta tebur, wadda nake tace bidiyo da ita da rana, da dare kuma in yi wasanni. Katin yana aiki lafiya, amma da zarar na buɗe wasa sai wata siririyar ƙara mai kama da kukan gyare ta riƙa fitowa daga cikin akwatin, idan na rufe wasan kuma ta ɗauke. Mai gyara ya ce kukan kwayil ne, ya ba ni shawarar a ɗiga masa gam. Shin wannan kuka zai iya ƙona katin, ko ya lalata sauran kayan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin idan abin da kake ji kukan kwayil ne da gaske, ba zai ƙona katinka ba, ba kuma zai taɓa sauran kayan kwamfutar ba. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne shawarar gam ɗin, amma bari in fara da asalin ƙarar.

Katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hotunan da ake gani a allo, yana karɓar wuta mai ƙarfin volt 12, alhali ƙwaƙwalwarsa tana aiki ne da abin da bai wuce volt ɗaya da ɗan wani abu ba. Domin a sauko da wutar, an jera wasu ƙananan makunnai a jikin katin waɗanda ke kunnawa suna kashewa sau dubu ɗari da yawa a daƙiƙa guda, a gefensu kuma akwai kwayil, wato wayar tagulla da aka naɗe a cikin ɗan ƙaramin gida mai kusurwa huɗu, wadda aikinta shi ne daidaita wannan wuta mai yankewa ta koma mai gudana sumul. Wutar da ke ratsa waɗannan kwayil ba kaɗan ba ce, domin a kati mai cin watt 200 takan haura amfiya ɗari. Duk lokacin da wuta ta bi ta naɗaɗɗiyar waya sai ta haifar da maganaɗisu, shi kuma maganaɗisun yana jan wayar da gidanta yana saki, har su riƙa karkarwar da ido ba ya gani. Wannan karkarwar ce kunnenka yake ji. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da taransifomar unguwa ya ji tana gurnani ya riga ya san abin, bambancin kawai shi ne wutarmu tana juyawa sau 50 ne a daƙiƙa, shi ya sa muryar taransifoma take da kauri.

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce karkarwa 20,000 a daƙiƙa, saboda haka saurin makunnan nan shi kansa ya fi ƙarfin ji. Abin da ke jawo ƙarar zuwa inda za a ji ta shi ne yadda buƙatar wuta take hawa tana sauka tare da kowane hoto da katin ya zana. Idan yana zana hotuna 60 a daƙiƙa, ƙarar takan yi ƙasa ta ɓuya a cikin hucin fanka, amma a shafin farko na wasa, inda babu aiki mai nauyi, katin yakan zabura ya zana ɗaruruwa ko ma dubban hotuna a daƙiƙa, sai ƙarar ta yi tsini ta faɗa daidai inda kunne ya fi kaifi. Wannan ne dalilin da ya sa muryarta take sauyawa idan ka juya kallo a cikin wasa, take kuma ɗaukewa da ka rufe shi.

Daga nan za ka gane cewa katin da ya yi shiru ma yana wannan karkarwa, nasa ne kawai bai kai ga kunne ba. Akan sami katuna biyu iri ɗaya daga masana'anta ɗaya, wannan yana kuka wancan ba ya yi, kuma mai tsada bai tsira ba, hasali ma manyan katuna masu cin wuta da yawa sun fi yin sa. Shi ya sa kamfanoni da dama ba sa ɗaukarsa a matsayin lahanin da garanti zai biya. Cutarwarsa ta gaskiya tana kan mai kwamfutar ne, domin yana gundurar kunne, kuma a irin sana'arka makirfo yana iya kwashe shi idan kana naɗar murya kusa da akwatin.

Na san inda tsoron mutane da yawa ya samo asali. A watan Yulin 2021, lokacin da kamfanin Amazon yake gwajin wasansa na New World, wasu katunan girafik samfurin RTX 3090 ƙirar kamfanin EVGA sun mutu ana cikin wasa, har Amazon ya taƙaita yawan hotunan da ake zanawa a shafin farko. Da EVGA ya binciki katunan, sai ya ce matsalar rashin ingancin soda ce a kewayen makunnan wutar wasu 'yan katuna. Haka kuma a ƙarshen 2022 an sami fulogin wutar wasu katunan RTX 4090 yana narkewa, kamfanin Nvidia mai wannan samfurin kuma ya danganta hakan da rashin tura fulogin har ƙarshe. A duka biyun, mummunan haɗin wuta ne ya yi ɓarnar, ba kukan kwayil ba.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka tabbatar da irin ƙarar da kake ji. Ƙarar kwayil tana sauyawa nan take tare da hoton da ke kan allo, ta fanka kuwa a hankali take hawa yayin da katin yake ɗaukar zafi, kuma idan fankar ta ci ƙurar hunturu takan yi gurza ko kaɗe-kaɗe. Ka naɗe takarda kamar mazurari ka kara a kunne, ka saurari katin, sannan ka saurari akwatin raba wuta na kwamfutar, wato inda wayar soket take shiga, domin shi ma yana da kwayil, kuma yakan yi kuka sosai idan ana ba shi wutar ƙaramin janareta ko ta inbata mai araha wadda ba ta fitar da wuta mai santsi. Idan kuwa ka ji tartsatsi, ko ƙaurin roba, ko ka ga hoto yana dabbare-dabbare, ko kwamfutar tana mutuwa da kanta, to ka kashe ta daga soket nan take, domin wannan ya wuce batun kwayil. Akwatin raba wutar kuma kada ka buɗe shi da kanka, saboda manyan kafasitocinsa, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinsa, suna riƙe wuta mai kusan volt 400, kuma ba lalle ta zube da zarar an zare waya ba.

Game da gam, ina roƙonka kada ka yarda. Kwayil ɗin katunan zamani a rufe suke, gam ɗin da aka ɗiga daga waje da wuya ya isa inda karkarwar take, sai dai ya lulluɓe kayan da ke buƙatar iska su huce, ga kuma haɗarin da ke cikin kwance katin da mayar da shi ba daidai ba.

Abin da ya fi sauƙi, kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne ka ƙayyade yawan hotuna daidai da ƙarfin allonka, 60 ko 144 a daƙiƙa, ta hanyar kunna V-Sync a cikin wasan ko ta manhajar kamfanin Nvidia ko AMD da ke tafiyar da katin. Idan ƙarar ba ta ragu yadda kake so ba, ka yi amfani da manhajar MSI Afterburner ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin ɗari, za ka tarar saurin da ka rasa kaɗan ne, zafi kuma ya sauka, wanda a watannin Maris da Afrilu alheri ne babba ga katin. Bayan haka sai ka ari wani akwatin raba wuta mai inganci ka gwada kafin ka kashe kuɗi, domin wani lokaci sauya shi kaɗai yana rage kukan. A ranakun da za ka naɗi murya kuma, ka rufe murfin akwatin da kyau, ka sauke shi ƙarƙashin tebur nesa da makirfo.