Kunci, ƙunci da goshi: amsa ga mai koyon Sifaniyanci

Wani ɗalibi da ke Malabo, a Ikwatoriyal Gini inda Sifaniyanci ke harshen hukuma, ya turo mana jerin sassan fuska yana son a daidaita masa da Hausa. To, cara fuska ce, ojo ido, nariz hanci, boca baki, ceja gira, labio leɓe. Harafin j nasu daga maƙogwaro yake fita, kusa da خ ta Larabci, kada ka furta shi kamar na “jaki”.

Amma ɗana, a gaban mejilla ka rubuta “ƙunci”, kuma wannan ya dame ni. Kunci shi ne gefen fuska, wanda kaka ke ja idan jika ya yi ƙiba, jam'insa kumatu. Ƙunci kuwa matsi ne da baƙin ciki, kamar a ce ƙuncin rayuwa. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba su. Kullum ina ganin wannan sakacin a saƙonnin waya, har da na masu digiri, a ce wai madannin waya ba shi da ƙ. Yana da shi, nema ne ba a yi ba. Kai da ka iya sa wa ñ ta Sifaniyanci rawaninta, don me za ka hana harshen uwarka haƙƙinsa? Akwai ma masu cewa “kumatuna ɗaya ya kumbura”. Ɗaya dai kunci ne.

Frente kuwa kalma ce mai daɗi. La frente goshi ne, el frente kuma gaba, har fagen daga. Mu ma goshinmu bai tsaya a fuska ba: goshin azahar, goshin azumi, wato dab da shigowarsu. Kuma idan aka ce amarya tana da goshi, ba faɗinsa ake aunawa ba, arzikin da ta shigo da shi gidan miji ake nufi.

Wata baiwar Allah ta tambayi ma'anar caradura. A zahiri fuska mai tauri, wato marar kunya. Mu a ido muka ajiye taurin, muka ce tsaurin ido.

Mai tambaya ko suna da irin “baki shi ke yanka wuya”: suna da shi. Por la boca muere el pez, ta baki kifi ke mutuwa.