Cinyoyin Baba bayan dashen zuciya

Tambaya: Likita, an yi wa Babanmu dashen zuciya a Indiya. Wata 3 da dawowarmu unguwar Nima a Accra, ko matakalar masallaci ba ya iya hawa. Na'urar lantarkin da ake manna wa cinya za ta taimaka?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Doguwar jinya da maganin prednisolone da ake ba masu dashe kan zaftare naman cinya. Na'urar tana motsa tsoka yana zaune, tana da amfani, amma tafiya ce babban magani. An yanke jijiyoyin sabuwar zuciyar, shi ya sa bugunta ke jinkirin tashi in ya motsa jiki. Don haka ya fara takawa sannu-sannu kamar minti 10, kada kuma ya tsaya kwatsam. In akwai batirin zuciya a ƙirjinsa, don Allah kada ku manna komai sai likitocin zuciya na asibitin Korle Bu sun amince.