Tambaya da Amsa: Zuciya Ta Ƙi Ƙoshi, Ido Ya Ƙi Barci

Wani fasto da wata ma'aikaciyar jinya a Kano ne ke amsa wasiƙun wannan fili.

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina da shagon takalma a kasuwar Sabon Gari. Ciniki bai mutu ba, muna ci muna sha, amma duk ranar da maƙwabcina ya sauke kaya sai raina ya ɓaci. Don in kamo shi na ci bashin naira 600,000 a wurare uku, har na taɓa kuɗin adashin da nake riƙe wa mutane. Yanzu ƙarfe biyun dare idona biyu ina lissafi. Haɗama ce ke damuna ko fargaba? Daga wani ɗan kasuwa, Nomansland.

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun ne, kuma saiwarsu ɗaya. Buɗe Luka sura 12 ka karanta daga aya 13 zuwa 34 a zama ɗaya. Wani ya roƙi Yesu ya sa baki a rabon gado, sai ya gargaɗi taron a kan haɗama, ya ba da misalin mai arzikin da ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, alhali a daren za a karɓi ransa. Bai ko canza zance ba ya juya ga almajiransa ya ce kada su damu da abin ci da abin sawa. Mai tarawa da mai fargaba tsoro ɗaya ke korarsu: kada gobe ta zo babu. Saboda haka ba za ka magance ɗaya ka bar ɗaya ba.

Fara da adashi, tun kafin bashin. Wannan amana ce, kuma muddin tana wuyanka addu'arka za ta riƙa sarƙewa a maƙogwaro. Ware kayan da suka yi wata uku a kanta ba su motsa ba, ka sayar ko da a kan sari ne, ka cike gurbin kafin ranar ɗauka. In ba zai cika ba, je wurin mai ɗauka da ƙafarka, tare da dattijo ɗaya na ikilisiya, ka faɗi gaskiya ka ba da rana.

Sannan ka zauna da takarda ɗaya tak. Rubuta kowane bashi: wa ke bin ka, nawa ne, yaushe wa'adi, nawa ne ruwan da ke hawa kai. Yawancin masu lissafin dare ba su taɓa ganin jimlar a rubuce ba, shi ya sa take kumbura a duhu. Biya mai ruwa mafi yawa da farko, musamman rancen manhajar waya, sauran kuma ka same su kafin su neme ka. Nuna wa uwargida takardar. Mun san da nauyi, amma ɓoyon ne ke sa mutum ya ci sabon bashi don rufe tsoho.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ainihin maganin haɗama: ka san adadin da ya ishe ka. A Karin Magana 30:8-9 Agur ya roƙi kada a ba shi talauci kada kuma a ba shi dukiya, abincin da zai wadatar kawai. Mai da addu'ar nan lissafi. Raba hayar gida da ta shago ta shekara gida 12, raba kuɗin makarantar zango ɗaya gida 4, ƙara abinci, wuta, kuɗin mota da ɗan abin asibiti. Abin da ya fito shi ne albashin da za ka riƙa biyan kanka daga shago kowane wata, sauran kuma jari ne, ba a zura masa hannu. Wanda bai san iyakar bukatarsa ba, kantar maƙwabci ce ma'auninsa, ita kuwa kullum ƙara tsawo take.

Game da baiko, ka bayar daga abin da ke naka, da yardar rai kamar yadda 2 Korintiyawa 9:7 ta koyar, ko da kaɗan ne, kuma wani lokaci a ɓoye ga mabukacin da ba zai iya rama maka ba. Kada ka ci bashi don "shuka iri" da fatan a ninka maka. Haɗamar ce dai ta sa kayan Lahadi, kuma Bulus ya riga ya tsawatar wa masu mai da ibada hanyar samun riba a 1 Timoti 6:5.

Batun dare kuwa, Filibiyawa 4:6 ta ce a kai kowace bukata gaban Allah da roƙo tare da godiya, kuma daga kurkuku Bulus ya rubuta haka. Kafin ƙarfe tara ɗauki minti goma. Ja layi a tsakiyar shafi: hagu abin da za ka iya yi gobe, dama abin da ba ya hannunka, kamar farashin dala. Ambaci na dama ɗaya bayan ɗaya ka miƙa, faɗi abu uku na yau da kake godiya dominsu, rufe littafin, bar waya a falo. In ka farka, maimaita Zabura 4:8, amma kada ka buɗe lissafi sai gari ya waye.

Tambaya: Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta kawo mana harkar zuba jari, ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. Ita har ta karɓa sau biyu. In shiga? Daga wata uwa, Badawa.

Amsa: Mama, kada ki shiga, kuma kada ki kawo kowa. Irin ribar da MMM, wata harkar zuba kuɗi ta damfara, ta yi alkawari ke nan kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, don haka karɓar da 'yar'uwar ta yi ba shaida ba ce, tarkon ke nan. Tambayi masu harkar me suke sayarwa, ko suna da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan harkar zuba jari, domin takardar CAC shaidar kafa kamfani ce kawai, da kuma ko za ki iya cire uwar kuɗinki gobe. A coci abin ya fi saurin yaɗuwa saboda mun amince da juna, shi ya sa ya kamata shugabar zumunta ta sani tun yau. Karin Magana 13:11 ta yaba wa mai tarawa kaɗan-kaɗan.

Tambaya: Gabana na faɗuwa, zuciyata na bugawa ba dalili, wata biyu ke nan. An ce shan magani rashin bangaskiya ne. Daga wata ɗaliba, Brigade.

Amsa: 'Yata, ba haka ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, kuma lokacin da Iliya ya karaya har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, barci da abinci Allah ya fara ba shi. Je asibiti a auna hawan jini, sukari, ƙarfin jini da aikin ƙullin maƙogwaro (thyroid), domin kowannensu kan iya kawo bugun zuciya. In an ga lafiya, nemi a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Daina goro da kofi daga la'asar, kada kuma ki sayi maganin barci a kemis ba takardar likita, don jiki kan saba da shi. Idan ciwon ƙirji ya zo da gumi da ƙarancin numfashi, ko tunanin kashe kai ya shigo miki, kada ki jira Lahadi: faɗa wa wanda ke kusa da ke ya raka ki asibiti a ranar.