Bita a zuci ta taimake ni, amma sai da na daina hango tafi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce saura mako uku ki tsaya gaban malamai ki kare furojet ɗinki, kuma a seminar da ta wuce bakinki ya ƙi buɗuwa har aka ce ki zauna. Kin ji ana cewa idan mutum ya rufe ido ya riƙa ganin kansa ya yi nasara to zai yi, kina tambaya ko gaskiya ne. Irin abin da ya same ki ya taɓa samuna, shi ya sa na zauna in rubuto miki a tsanake.

Ina shekarar ƙarshe a NCE, wato karatun koyon malanta, aka tura ni koyarwar gwaji wata sakandaren je-ka-ka-dawo. Ranar da mai duba mu ya shigo ya zauna a bencin baya da fayil ɗinsa, na ɗauki alli zan rubuta kan darasi, hannuna na rawa har allin ya karye. Yara fiye da sittin sun zuba min ido. Darasin da na kwana ina haddacewa ya gudu daga kaina tas. Na ƙarasa minti arba'in ɗin ina karanta musu abin da ke takarda, kaina a sunkuye. Na koma gida na sha kuka.

Daga nan na fara abin da kike tambaya. Kullum dare in kwanta in hango yara suna tafi, mai duba yana gyaɗa kai, yana rubuta min maki mai kyau. Akwai daɗi ƙwarai. Amma daga baya na lura daɗin nan ya rage min shiri, zuciyata ta ɗauka an riga an gama. Zuwansa na biyu na fara lafiya, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ban shirya mata ba, na sake sandarewa.

A wajen goggona na gane inda na kuskure. Shekarar za ta tafi aikin Hajji, ni nake raka ta wurin bita. An kafa wani abu mai siffar Ka'aba an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, ana nuna musu yadda za su fara daga saitin Hajarul Aswad, Ka'aba tana hagunsu, zagaye bakwai. Da dare sai in same ta a kan sallaya, ido rufe, tana ƙirga zagaye da yatsu, tana faɗa wa kanta: idan na rikice a ƙirge in koma kan mafi ƙaranci, idan na rabu da 'yan tawagarmu ga inda zan tsaya. Ban taɓa jin tana hango ranar da za ta dawo da haƙorin Makka ana kiranta Hajiya ba. Aikin take bi a zuci taki-taki, har da wuraren da zai iya ɓaci.

Sai na kwaikwaye ta. Bayan Isha'i in zauna minti goma in shiga ajin a zuci tun daga ƙofa: sallama, ajiye jaka, nauyin alli a yatsuna, jimlar farko da zan faɗa kalma-kalma. Sannan da gangan in kawo abin da nake tsoro. In ga allin ya karye, in ga kaina na sunkuya na ɗauki guntun na ci gaba. In ga yaron nan ya ɗaga hannu, in ji kaina ina cewa, "Tambaya mai kyau, wa zai gwada amsawa kafin in yi bayani?" Wannan jimla ɗaya ta ba ni lokacin numfashi. Ranar zuwa na uku gabana ya faɗi kamar kullum, amma na san abin da ke biye, domin na riga na bi hanyar sau da yawa. Yau shekarata goma sha huɗu a aji.

Daga baya na tarar masana sun gwada abin. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa wasu ɗalibai su riƙa hango kansu sun sami babban maki, wasu kuma su hango kansu suna karatu: yaushe, a ina, ta yaya. Masu hangen karatun sun fi daɗewa a kan littafi, sun kuma fi cin jarrabawar. Shi ma Michael Phelps, gwanin ninƙaya na Amurka, kocinsa Bob Bowman ya saba masa da bin tseren a zuci kafin barci, har da abin da zai yi idan wani abu ya lalace. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ruwa ya cika masa tabarau a tseren mita 200 har bai iya gani sosai. Ƙirga bugun hannunsa ya yi har ya taɓa bango, ya ci zinare, ya kafa sabon tarihi. Amma ki tuna a lokacin mutumin nan kullum yana cikin ruwa yana atisaye. Bitar zuci tana tafiya ne a kan abin da aka riga aka koya. Babin da ba ki karanta ba, rufe ido ba zai sa shi a kanki ba.

Masu cewa ki dage da addu'a sun yi gaskiya, kada ki sake ta. Ni ban ga saɓani ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma wannan bita tana cikin ɗaurin.

Ga abin da zan ce ki yi a mako ukun nan. Ki je ki leƙa ɗakin da za a yi abin, ki ga inda za ki tsaya da inda malamai za su zauna, don hoton da ke zuciyarki ya zama na gaske. Ki rubuta tambayoyi biyar da kika fi tsoro, yawanci a kan yadda kika tattara bayanai da dalilin zaɓen hanyar binciken suke matsawa. Da rana ki amsa su da baki a gaban ƙawarki ko ƙannenki, da dare ki amsa su a zuci. Ki tanadi abin da za ki ce idan kanki ya ɗauke, ko da "Malam, a ba ni ɗan lokaci in duba shafin" ne, ki ji kanki kina faɗar sa cikin natsuwa. Idan kuwa tsoron yana kai ki ga numfashi ya riƙa ɗaukewa ko barci ya ƙaurace miki kwana da kwanaki, ki ga likita, wannan ba abin kunya ba ne.

Ki turo min tambayoyi biyar ɗin idan kin rubuta, mu duba su tare kafin ranar.