Rubutun da Bai Bi ta Hannun Edita Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne, kuma shekara biyu ke nan ina rubuta abin da nake gani a fadamarmu a shafina na intanet, kamar farashin taki da yadda dillalai ke yi da mu. Kawuna, tsohon ɗan jarida, ya ce wannan surutu ne kawai tunda babu editan da ya duba. Shin in daina? Daga mai karatu a Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka daina. Irin wannan suka ba yau aka fara ta ba. A shekarun 1980, da matasa maza da mata suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu saboda kamfanonin ɗab'i ba za su iya ɗaukar kowa da kowa ba, wasu masana sun raina aikin, har aka laƙaba masa suna adabin kasuwar Kano. Yau ga shi ana nazarin waɗannan littattafai a jami'o'i.

Jarida tana da iyakar shafuka, wakilinta kuma yawanci a babban birnin jiha yake zaune. Lokacin da ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ɗan jarida zai iya zuwa ya yi wuni guda ya koma, amma wanda ya ci bashin taki, ya tsaya a bakin gonarsa yana kallon ruwa ya shanye ta, shi ne ya san inda abin ya yi zafi, kuma ina ganin asara ce babba a ce muryarsa sai ta jira izinin wani kafin a ji ta.

Sai dai maganar Kawu ba ta faɗi ƙasa banza ba. Babban aikin edita shi ne tantancewa, kuma tunda ba ka da shi, nauyin ya dawo wuyanka. In ka kawo farashi, faɗi kasuwar da ranar, ka bayyana ko na buhu ne ko na mudu. In za ka zargi dillali, nemi jin ta bakinsa tukuna. In ka yi kuskure, gyara a fili, kada ka goge a ɓoye.

Rubutunka na gaba kuwa, kai wa Kawu shi cikin ladabi kafin ka saka, ka roƙe shi ya bi maka shi da jan biro kamar yadda ya saba yi a ofis.